Rumman: Alama ko Laya?



Akwai abin da mu firistoci da katakis-katakis muka sha gani a ranar baftismar yara. Sa'ad da aka zo shafe ƙirjin jariri da mai, uwa ta sassauta wuyan rigarsa, sai mu tarar da zare ɗaya ɗauke da abubuwa biyu: lambar Budurwa Maryamu, kusa da ita kuma 'yar ƙaramar laya ɗinke cikin fata. Idan muka tambaya, wata takan sunkuyar da kai ta ce, "Fada, kakarsa ce ta ɗaura masa saboda mayu da bakin mutane." Wata kuwa takan ce, "Fada, ai duka kariya ce." Ba mu kawo wannan don mu kunyata kowa ba. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu tun ba a yaye su ba, tsoronta ba abin dariya ba ne. Amma kalmar nan "duka kariya ce" tana da nauyi a zuciyarmu, domin tana nuna cewa a wurin waɗansunmu lambar Maryamu ta zama laya ta biyu.

A ranar 8 ga watan Maris Ekklesiya takan tuna da Waliyi Yohanna na Allah, majiɓincin marasa lafiya da asibitoci. Tambarin ƙungiyar da ta taso daga aikinsa ɗan itacen rumman ne a fashe, da gicciye a kansa. Mun ga ya dace mu ɗauki wannan ɗan itace mu yi tunani a kansa, gama al'ummai da yawa sun yi tsafi da shi, Littafi Mai Tsarki kuma ya sa shi a jikin rigar babban firist da ginshiƙan Haikali. Abu ɗaya ne a hannun mutane iri biyu. Idan muka gane abin da ya raba su, za mu gane abin da ya raba lambar Maryamu da laya.

ITACEN DA 'YA'YANSA

Rumman ƙaramin itace ne mai jure fari da zafin rana, furensa ja wur. Asalinsa yankin Farisa ne, wato Iran ta yau, zuwa arewacin Indiya, daga can ya bazu zuwa Kan'ana da Masar da ƙasashen bakin Bahar Rum. Ibraniyawa suna ce da shi rimmon, Larabawa kuma rumman, daga bakinsu Hausa ta karɓi sunan. Maƙwabtanmu Musulmi sun san shi daga Alƙur'ani, inda aka ambace shi sau uku, har da cikin 'ya'yan itatuwan Aljanna.

Ɗansa ya kai girman babban lemo. Ɓawonsa yana da tauri kamar fata, a kansa kuma akwai wani abu mai kama da kambin sarauta. Idan aka fasa shi sai a ga ɗaruruwan ƙwayoyi jere cikin ɗakuna, farin tantani ya raba tsakaninsu, kowace ƙwaya cike da ruwa ja kamar jini. Abubuwan nan uku, yawan ƙwayoyi da jan ruwa da kambi, su ne suka ɗauki hankalin mutanen dā. Yawan ƙwayoyi ya tuna musu da haihuwa, jan ruwa ya tuna musu da rai da mutuwa, kambi kuma da mulki.

A CIKIN ALMARAR AL'UMMAI

Helenawa, wato mutanen Girka na dā, suna da almara a kan wata yarinya mai suna Farsifoni, 'yar Dimita wadda suka ɗauka allahiyar hatsi. Yarinyar tana tsinkar furanni a fili sai Hades, sarkin ƙasar matattu, ya sace ta ya kai ta ƙarƙashin ƙasa. Baƙin ciki ya sa uwar ta hana ƙasa ba da amfani, yunwa ta kusa ƙare mutane, har babban allahnsu Zeyus ya umarta a mayar da yarinyar. Kafin ta fito, Hades ya ba ta ƙwayar rumman ta ci. Saboda wannan ƙwaya ta zama ɗaurarriya: dole kowace shekara ta koma wurin matattu. Wata tsohuwar waƙar Helenawa ta ce sulusin shekara take yi a can. Ovid, mawaƙin Roma wanda ya yi zamani da Kaisar Augustas, ya ce ƙwayoyi bakwai ta ci, rabin shekara kuma take yi. Da wannan labari suke bayyana dalilin da ƙasa ke mutuwa a wani lokaci ta farfaɗo a wani.

A kusa da birnin Argos akwai babban gunkin Hera, wadda suke kira uwar aure, riƙe da sandar mulki a hannu ɗaya da rumman a ɗayan. Wani matafiyi mai suna Fausaniyas, wanda ya ga gunkin a ƙarni na 2 bayan haihuwar Kristi, ya ƙi bayyana ma'anar rumman ɗin, ya ce asiri ne na addininsu. A Masar kuwa, bayan an gano kabarin Fir'auna Tutankamun a shekara ta 1922, cikin kayan da aka binne shi da su an sami tulun azurfa mai siffar rumman.

Mutanen Farisa suna da nasu. Littattafan mabiya Zaradusht sun ce ya ba wani ɗan sarki mai suna Isfandiyar rumman ya ci, jikinsa ya taurare, makami ya daina kama shi. Wannan bai yi nisa da abin da muka sani na maganin ƙarfe a wurin 'yan tauri ba. To, yaya ƙarshensa? Firdausi, cikin littafinsa Shahnama, ya ba da labarin yadda jarumi Rustam ya gano cewa idanun Isfandiyar ba su da wannan kariya, ya harbe shi a nan, ya mutu. Su kansu masu almarar sun san kowane magani yana da makari.

Daga almara aka gangaro zuwa al'ada. A Girka akan fasa rumman a bakin ƙofa ranar sabuwar shekara, ana cewa gwargwadon watsuwar ƙwayoyin, gwargwadon sa'ar gidan. A tsohuwar al'adar Armeniya amarya takan jefa rumman a bango, warwatsuwar ƙwayoyin ta zama albishir na 'ya'ya. A ƙasar Sin akan ba ango da amarya hoton rumman a fashe da fatar zuriya mai yawa.

Kada mu yi wa waɗannan mutane dariya. Abin da suke tsoro shi muke tsoro: yunwa, rashin haihuwa, makamin maƙiyi, da kabari. Sun kuma ga gaskiya guda, cewa halitta tana magana, ɗan itace yana nuni zuwa abin da ya fi shi. Inda suka kauce shi ne zaton cewa ikon yana cikin ɗan itacen kansa, ko kuwa idan an bi wata ƙa'ida daidai, aka fasa shi a wuri kaza a rana kaza, dole ikokin ɓoye su yi biyayya. Wannan shi ne tushen sihiri ko'ina a duniya: mutum yana neman makullin da zai tilasta wa abin da ya fi ƙarfinsa.

A nan sai mu raba magani da sihiri. Tun zamanin dā an yi amfani da ɓawon saiwar rumman wajen fitar da tsutsar ciki. A shekara ta 1878 wani masanin haɗa magunguna na Faransa, Charles Tanret, ya ware sinadarin da ke cikin ɓawon, an kuma san yana da dafi idan ya yi yawa. Wannan aiki ne na halitta, ana iya auna shi, ana iya gwada shi. Littafin Sirak sura 38 ya koya mana mu girmama likita, domin Ubangiji ne ya fitar da magunguna daga ƙasa. Saiwa da ganye ba zunubi ba ne. Zunubin yana shigowa ne sa'ad da aka haɗa su da kiran iskoki, da yanka wa dodo, da jifan ɗan'uwa.

A CIKIN LITTAFI MAI TSARKI

Sa'ad da Musa ya aiki mutum goma sha biyu su leƙo ƙasar Kan'ana, sun komo bayan kwana 40 ɗauke da nonon inabi daga kwarin Eshkol, da rumman da ɓaure (Littafin Ƙidaya 13). 'Ya'yan itacen nan shaida ce cewa alkawarin Allah gaskiya ne. Jama'a sun gani da idonsu, duk da haka suka ji tsoron mazaunan ƙasar, suka ƙi shiga. Cikin magabatan da aka aika, Joshuwa da Kalibu kaɗai suka taka ƙasar, domin su ne suka dogara ga wanda ya yi alkawarin. Riƙe rumman na ƙasar alkawari bai shigar da kowa cikinta ba.

A Maimaitawar Shari'a sura 8 an lasafta rumman cikin albarkatu bakwai na ƙasar, tare da alkama, sha'ir, inabi, ɓaure, man zaitun da zuma. A cikin wannan sura kuma Musa ya gargaɗe su kada su ci su ƙoshi su manta da Ubangiji, su ɗauka ƙarfin hannunsu ne ya samo musu dukiya. A Littafi Mai Tsarki rumman kyauta ce, amsar kyauta kuwa godiya.

Sai rigar Haruna. Ubangiji ya umarta a yi siffofin rumman da zare shuɗi da shunayya da mulufi a kewaye da bakin rigar babban firist, a sa ƙararrawar zinariya tsakanin kowane biyu, domin a ji motsinsa sa'ad da yake shiga Wuri Mai Tsarki da sa'ad da yake fitowa, don kada ya mutu (Fitowa 28:33-35). Wani zai iya cewa, ashe wannan ma ba laya ba ce? A'a. Ba iskoki ake kora da ƙararrawar ba. Firist yana shiga gaban Allah Mai Tsarki ne bisa ga umarninsa, ba ya faɗawa kamar ɓarawo. Sirak 45:9 ya ƙara bayani, cewa ƙarar abin tunawa ce ga jama'ar da ke waje, domin zukatansu su bi firist ɗinsu zuwa ciki.

Da Sulemanu ya gina Haikali, Hiram maƙerin tagulla daga Taya ya yi manyan ginshiƙai biyu, Yakin da Bo'aza, ya ƙawata kawunansu da rumman na tagulla guda 400 (1 Sarakuna 7). A kwana a tashi, mutanen Urushalima suka fara ɗaukar Haikalin kansa kamar laya. Suna zalunci, suna bin gumaka, suna cewa tun da Haikali yana tsakiyarsu babu abin da zai taɓa su. Annabi Irmiya ya tsaya a ƙofar Haikalin ya gargaɗe su kada su dogara ga wannan ruɗi (Irmiya 7). Ba su ji ba. Wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Kristi, sojojin Nebukadnezzar suka farfasa ginshiƙan suka kwashe tagullar zuwa Babila. Surar ƙarshe ta littafin Irmiya ta tsaya tana ƙirga rumman ɗin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai lissafin kayan mamaci. Rumman 400 a ƙofar gidan Allah bai tsare mutanen da zuciyarsu ta bar Allah ba.

Ba wannan ne karo na fari ba. A zamanin Eli, Isra'ilawa suka ɗauko Akwatin Alkawari zuwa fagen yaƙi da zaton dole ya ba su nasara. Filistiyawa suka kore su suka ƙwace Akwatin (1 Sama'ila 4). Macijin tagulla kuwa, wanda Musa ya yi bisa umarnin Allah, da mutane suka fara ƙona masa turare, Sarki Hezekiya ya farfasa shi (2 Sarakuna 18:4). Darasin ɗaya ne: abu mai tsarki ma yana iya zama gunki a hannun wanda yake so ya riƙe Allah da igiya.

GA MASU JIRAN HAIHUWA

Mun ga yawancin camfin da aka jingina wa rumman a kan haihuwa yake. A nan ne kuma ciwon ya fi zafi a gidajenmu. Mun san mata masu bangaskiya da suka shekara takwas ko goma a ɗakin aure babu ko ɓari. Uwar miji tana habaici, dangi suna zuga miji ya ƙaro wata, maƙwabciya tana raɗa sunan wani boka. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. An sayar da akuya, an sayar da buhun masara, an sha abin da ba a san haɗinsa ba, waɗansu har lafiyarsu ta taɓu.

Littafin Farawa sura 30 ya san wannan ciwo. Rahila ba ta haihu ba, 'yar'uwarta Lai'atu kuwa tana da 'ya'ya. Wata rana Ra'ubainu ɗan Lai'atu ya samo wani tsiro a saura, wanda mutanen zamanin suke ɗauka maganin ƙauna da haihuwa. Rahila ta matsu da shi har ta yi ciniki da 'yar'uwarta, ta bar mata mijinsu Yakubu a wannan dare domin ta sami tsiron. Sai aka wayi gari Lai'atu, wadda ta rabu da tsiron, ita ce ta yi ciki, ta kuma ƙara haihuwa bayan haka. Rahila mai tsiro a hannu ta ci gaba da jira, sai lokacin da Allah ya tuna da ita, ta haifi Yusufu.

Katekizim na Ekklesiyar Katolika, wanda aka fitar a shekara ta 1992, ya koyar cewa ɗa kyauta ne, ba bashi ba ne da ake bin Allah, rashin haihuwa kuma ba ya rage darajar aure (lamba 2378 da 2379). Ba za mu yi muku alkawarin da Allah bai yi ba. Akwai waɗanda za su jira su samu, kamar Hannatu da Alisabatu. Akwai waɗanda Allah zai ba su 'ya'ya ta wata hanya, ta wurin riƙon marayu da renon 'ya'yan dangi. Amma ba wanda Allah ya manta da shi. Wajen shekara ta 520 kafin haihuwar Kristi, Annabi Haggai ya tarar da jama'a cikin fatara, inabi da ɓaure da rumman da zaitun duk ba su yi 'ya'ya ba, a daidai wannan rana kuwa Ubangiji ya yi musu alkawarin albarka (Haggai 2:19). Alkawarin ya zo tun rassa suna wofi.

YADDA EKKLESIYA TA KARANTA SHI

Ba a ambaci rumman a Sabon Alkawari ba, amma iyayen Ekklesiya sun dube shi da hasken Kristi. Waliyi Giregori Babba, Paparoma daga shekara ta 590 zuwa 604, cikin littafinsa na ka'idar kiwon jama'a, ya ce ƙararrawar rigar Haruna wa'azin firist ne, rumman kuma ɗayantakar bangaskiya ce: kamar yadda ƙwayoyi masu yawa suke zaune cikin ɓawo ɗaya, haka al'ummai masu yawa suke cikin Ekklesiya ɗaya. Mu da muke taruwa ranar Lahadi daga kabilu da harsuna dabam-dabam mun san ma'anar wannan. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Ekklesiya ba ta ƙi alamar don an taɓa yin tsafi da ita ba. A kudancin Italiya, kusa da tsohon birnin Paestum, an daɗe ana bauta wa Hera mai rumman. A kan tudun Capaccio da ke kusa, Kiristoci suka gina majami'a da sunan Maryamu Mai Rumman. Ɗan itacen bai sāke ba, abin da yake nunawa ne ya sāke. Wajen shekara ta 1487 mai zane Botticelli na birnin Florence ya zana Budurwa Maryamu riƙe da rumman a fashe, jariri Yesu ya ɗora hannunsa a kai. Jajayen ƙwayoyin suna nuna jinin da zai zubar, yawansu kuma yana nuna taron waɗanda zai fansa.

A nan ne amsar tsohuwar almarar Helenawa take. Su sun ce ƙwaya ɗaya ta ɗaure mai rai ga ƙasar matattu. Mu kuwa mun shaida cewa Kristi ya sauka wurin matattu da yardar kansa, ya tashi a rana ta uku, kabari ba shi da sauran haƙƙi a kansa. Ɗan gutsuren Gurasar Rai da muke karɓa a Hadayar Misa yana ɗaure mai mutuwa ga rai madawwami. Ko wannan ma ba laya ba ne, gama Manzo Bulus ya gargaɗi Korantiyawa cewa mai ci da rashin cancanta hukunci yake jawo wa kansa (1 Korantiyawa 11).

Mu koma kan Waliyi Yohanna na Allah. An haife shi a Fotugal a shekara ta 1495. Ya yi kiwo, ya yi soja, ya yi tallan littattafai. Labarin da aka gada ya ce wani yaro ya bayyana gare shi riƙe da rumman a fashe, ya sanar da shi cewa gicciyensa yana Granada, birnin da sunansa a harshen Sifen yake nufin rumman. A can wa'azin Waliyi Yohanna na Avila ya girgiza shi, har aka ɗauka ya haukace, aka tsare shi a asibiti, ya sha bulalar da ake yi wa masu taɓin hankali a wancan zamani. Da ya fito sai ya buɗe gida domin marasa lafiya matalauta. Yakan goyo su daga titi a bayansa, da dare kuma ya zaga gari da kwando yana roƙa musu abinci. Ya rasu ranar 8 ga Maris, 1550. Alamar da aka nuna masa ba ta kare shi daga wahala ba, ta aike shi wurin masu wahala. Rumman ba ya ciyar da kowa sai an fasa shi.

MU GWADA KANMU

Ekklesiya ta ba mu ruwa mai tsarki, rosari, lambobin tsarkaka, tokar Laraba da ganyen dabino. Abubuwa ne masu kyau, mu riƙe su da daraja. Amfaninsu yana fitowa ne daga addu'ar Ekklesiya da bangaskiyar mai riƙe da su. Aikinsu su tuna mana da baftismarmu, su shirya zuciyarmu ta karɓi alheri. Katekizim ya ce wanda ya ɗauka ikon addu'a ko alama mai tsarki yana cikin yin ta kawai, ba tare da shirin zuciya ba, ya faɗa cikin camfi (lamba 2111), ya kuma tsawata a kan ɗaura layu (lamba 2117).

Kowannenmu ya tambayi kansa abubuwa uku. Na fari, abin da na rataya a wuyana yana sa ni addu'a, ko yana hutar da ni daga addu'a? Rosarin da ya shekara a madubin mota ba a taɓa jan sa ba, mai shi ya bincika zuciyarsa. Na biyu, idan ya ɓata mini yau, zan ji kamar Allah ya bar ni? Na uku, ina roƙon Allah a matsayin ɗa mai karɓar nufin Uba, ko ina jiran ya biya ni domin na cika ƙa'ida? Alama tana kai mu ga Allah mu miƙa wuya. Laya tana ƙoƙarin jawo iko ya miƙa mana wuya.

Ga roƙonmu gare ku. Duk mai laya, guru ko kambu, a jikinsa ko a jikin yaronsa ko binne a ƙofar gida, ya kawo wa Fada ko katakis a asirce. Ba za a kira sunan kowa a majami'a ba. Ya zo sakramen na tuba, ya roƙa a zo a sa wa gidansa albarka. Iyaye mata, ku kai yara asibiti da rigakafi a kan kari, ku yi musu alamar gicciye a goshi kowane dare. Magidanta, idan haihuwa ta yi jinkiri ku tafi wurin likita tare da matanku, gama dalilin yakan kasance a wurin namiji kamar yadda yakan kasance a wurin mace. Surukai, ku tsare harshenku. 'Yan Zumuntar Mata, ku kewaye 'yar'uwarku mai jira kamar yadda ɓawo yake kewaye ƙwayoyi, kada ku bar ta ta yi kuka ita kaɗai har ta kai ƙofar boka. Ku kuma sani albarkar Ekklesiya ba ta sayarwa ce ba. Duk wanda ya tallata muku ruwa ko mai, yana cewa kuɗi kaza zai sayo mu'ujiza, ku guje shi ko da yana riƙe da gicciye.

Bari mu yi addu'a.

Ya Allah Uba, kai ne ka jera ƙwayoyin rumman cikin ɓawonsu, ka san adadinsu duka, ka kuma san tsoron da ke zuciyar kowannenmu. Ka kwance mu daga dogara ga abin da hannu ya ɗinka. Ka ta'azantar da masu jiran haihuwa, ka tsare 'ya'yanmu, ka warkar da marasa lafiyarmu. Ta wurin roƙon Budurwa Maryamu da Waliyi Yohanna na Allah, ka tattara mu cikin Ekklesiyarka ɗaya, ka ba mu zuciyar da za ta yarda a fasa ta domin waɗansu su ƙoshi. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.